Gorar da Ke Bayan Randa

An yi wani mutum a wani ƙauye tsakanin Kebbe da Fakku. Ba zan kama sunansa ba, don yana raye, kuma wasunku sun san gidansu. Mahaifinsa shi ne limamin ƙauyen, dattijo mai tsantseni, wanda ko goro aka miƙa masa sai ya tambayi inda ya fito. Shi kuwa ɗan, ba shi da burin da ya wuce mahaifinsa ya bar duniya yana mai yarda da shi, ya dafa kansa ya sa masa albarka.

Neman abinci ya kai shi Abuja. Ya sami aiki a wani babban otal, yana kai wa baƙi abinci a tebur. A gida ya ce musu aikin ofis yake yi.

Wata rana manajan wurin ya tara ma'aikata. Ya ce baƙi na tambayar wace giyar inabi ta dace da wane abinci, kuma wanda bai san ɗanɗanonta ba ba zai iya ba da amsa ba. Aka jera kofunan gilashi masu dogon wuya. Aka koya musu yadda ake juya kofi a hankali, a sa hanci a shaƙa, a kurɓa kaɗan, a jujjuya ta a baki, sannan a tofar a wani ɗan bokiti. Mutumin nan ya ja da baya. Sai wani abokin aikinsa ya ce masa ai ba haɗiyewa ake yi ba, tofarwa ake yi.

Ya 'yan uwa, kun ji fatawar? Ba malami ya ba da ita ba, mai ɗaukar faranti ne. Amma da yake ta yi wa zuciya daɗi, nan take aka karɓe ta. Ya kurɓa, ya tofar, ya wanke baki, ya je ya yi sallar azahar yana ce wa kansa ai bai sha ba.

Ashe Allah ya ba shi harshe da hanci masu kaifi. Cikin 'yan watanni ya wuce kowa. Ya san jar giya ita ke tafiya da gasasshen naman rago, fara kuma da kifi. Har ya gano wadda ke kwantar da yajin kilishi. Manyan mutane in sun zo sai su ce a kira musu Basakkwacen nan. Ɗan liman guda, wanda ya sauke Alƙur'ani a gaban mahaifinsa, shi ne yau yake tsaye da tawul a hannu yana yi wa mutane bayanin wace kwalba ce ta fi ƙamshi!

Ban san ranar da ya fara haɗiyewa ba. Shi ma ya ce bai sani ba. Ranar hutunsa ya koma zaga gidajen cin abinci na garin, wai yana ƙaro sani. Daga kofi ɗaya aka koma biyu. Aka kai lokacin da abinci ba ya shigar masa sai da ita. In ya wayi gari bai kurɓa ba, hannunsa rawa yake yi.

Ana cikin haka, a tsakiyar bazara, ƙanwarsa Batula ta kira shi a waya. Ta ce, "Yaya, ka taho. Jikin Baba ya yi tsanani, sunanka ɗai shika kira."

Ya yi kuka, kukan gaskiya, don yana son mahaifinsa. Amma da ya zo haɗa kaya sai ya tsaya. Kwana nawa zai yi a gida? Da me zai riƙe hannunsa? Ba zai shiga gidan liman da kwalba ba. Sai ya samo gorar roba irin wadda ake sayar da zoɓo a ciki, ya juye jar giyar, ya murɗe murfin, ya cusa a ƙasan jaka. Ya sauka a Tambuwal, ya hau wata motar zuwa Kebbe, jakar tana kan cinyarsa har ya isa.

Ya tarar da mahaifinsa kwance, kwana huɗu ba abin da ke wuce masa sai ruwa a cokali. Tsohon ya gane muryarsa, ya riƙe hannunsa, ya ce gobe bayan la'asar a tara masa 'ya'yansa da 'yan uwansa, yana da magana da kowa. Kowa ya san maganar: sallama ce da sa albarka. Saura kwana ɗaya tak mutumin nan ya sami abin da ya fi so a duniya.

To, ɗakin da aka sauke shi rufin kwano ne, ya ɗau zafi. Sanin da ya koyo a otal ya ce masa zafi yana lalata giyar inabi, ba ta son sai wuri mai sanyi. Ku ji fa! Uba na kan gargara, ɗa na tausayin giya kada ta sha zafi. Ya faki ido ya kai gorar bayan randar tsakar gida, ya tura ta cikin jiƙaƙƙen yashi.

Washegari, gab da la'asar, tsohon ya buɗe ido ya ce bakinsa ba daɗi, yana marmarin abu mai ɗan tsami. Batula ta tashi da murna, don rabon da ya nemi wani abu an kwana biyu. Ta je ɗibar ruwa ta jiƙa zoɓo, sai ta hangi gora a bayan randa, ja, da sanyinta. Ta ce a ranta Yaya ne ya yo tsarabar birni. Ita da ba ta taɓa ganin giya ba, ina za ta san warinta? Ta zuba a kofi ta ɗauko cokali.

A daidai lokacin aka idar da salla. Mutumin nan ya shigo, ƙanen mahaifinsa Malam Atu yana biye da shi, da na'ibin liman, da wasu dattawa uku. Yana ɗaga labule ya ga gorar a gefen tabarma. Ya ga kofin. Ya ga cokali cike a hannun Batula, tana tallafe da kan mahaifinsu.

Ya 'yan uwa, kalma ɗaya ta ishe shi. Da ya ce "Tsaya!" da shi ke nan. Amma in ya ce tsaya za a ce don me, ga dattawa a bayansa, ga albarkar da ya zo karɓa. Ya buɗe baki, ya rufe. Yana tsaye cokalin ya shiga.

Tsohon ya haɗiye. Fuskarsa ta canza. Ya ce, "Batula, ina kis samo wanga abu?"

Ta ce, "Bayan randa nig gane shi, Baba. Zoɓon Yaya na."

Malam Atu tsohon soja ne, ya zaga duniya. Ya karɓi kofin ya sansana, ya yi salati da ƙarfi. Ya ce, "Wanga ba zoɓo ba na. Giya ta."

Batula ta saki cokalin ta ƙwalla ƙara. Tsohon ya nemi ruwa, aka kuskure masa baki sau uku, hawaye na bin gemunsa. Sannan ya ɗaga ido ya dubi ɗansa a bakin ƙofa, ya daɗe yana dubansa. Ya ce, "Kana tsaye anka ba ni?"

Tsohon ya dubi dattawan. Ya ce, "Ku hidda min shi." Ya juya fuskarsa alƙibla.

Ya sa wa sauran 'ya'yansa albarka ɗaya bayan ɗaya, ya ce wa Batula ba ta da laifi. Mutumin nan yana zaune a zaure yana jin ana cewa amin. Kafin magariba liman ya cika da kalmar shahada a bakinsa. Ba a bar ɗan ya taɓa gawar ba. Da aka yi jana'iza, a sahun ƙarshe ya tsaya, kuma ba wanda ya matso kusa da shi.

Bai daɗe a otal ɗin ba bayan haka, suka sallame shi, don ya koma sha har a bakin aiki. Bara ya same ni a nan Tambuwal, ya rame, ban gane shi ba sai da ya faɗi sunan mahaifinsa. Ya ce, "Malam, shan da niy yi ba shi ka hana ni kwana ba. Shirun nan na." Na ce masa ƙofar tuba a buɗe take, kuma gaskiya na faɗa masa. Sai ya ce, to albarkar fa? Hannun da zai dafa kansa yana ƙarƙashin ƙasa.

Liman ba shi da zunubi, Batula ma haka, don Allah ba ya kama bawa da abin da bai sani ba. Amma ku dubi inda saɓo ke kai mutum. Ba ya tsayawa a cikin wanda ya aikata shi. Za ka ɓoye shi, sannan ɓoyewar ta nemi ka yi ƙarya, sannan wata rana ta nemi ka yi shiru ana cutar wanda ka fi so. Kai da ɗanka ko ƙanenka ke aiki a birni, ka taɓa tambayarsa wane irin aiki ne? Kai da kake can, me ke cikin jakarka da ba ka so mahaifiyarka ta buɗe? Ka zubar da shi yau, tun iyayenka suna numfashi.

Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye bakunanmu da cikkunanmu daga haram, ya karɓi tuban wannan bawa nasa, ya sa mu rabu da iyayenmu suna masu yarda da mu. Amin.