Matar da Ta Miƙe a Cikin Kwalekwale

'Yan'uwa cikin Ubangiji, yau kwana shida abinci ba ya shiga mini. 'Yata Keziya ta sami makarantar koyon jinya a hayin ruwa, mu kuwa nan tsibiri ba mu da hanya sai kwalekwalen inji guda ɗaya tak. An ce in shirya darasin Lahadi, ga abin da ya fito.

Akwai wani mai kwalekwale da yake ƙetarar da mutanen wani tsibiri. Ba ya barin kowa ya zaɓi wurin zama. Da ido yake auna nauyin mutane, ya ce wannan dama, wancan hagu. Wata rana wata mace ta zo da 'yarta. Ya ce, "Inna, ke zauna nan. Yarinya can, kusa da buhunan kifi."

Ta ce, "Haba malam, a kan ruwa za ka raba ni da ita?"

Ya ce, "Jirgi nake daidaitawa. Kome ya faru, kada ki tashi."

Da suka kai inda ba a hango gaɓa, sai iska ta taso, ruwa yana dukan katako. Yarinyar ta ƙwalla, "Mama!" Uwar ta miƙe ta nufe ta. Nan take jirgin ya karkata, ruwa ya kwararo ciki, yarinyar ta sulluɓe ta baya. Da gora mai jirgin ya lalubo ta. Aka jawo ta idanu a kakkafe, sai da aka yi ta danna cikinta kafin ta yi tari.

Ga ma'anar misalin. Mai kwalekwalen Ubangiji ne, shi yake ba kowa wurinsa. Iskar kuwa wahalar duniya ce. Amma ku lura, ba iska ce ta jefa yarinyar ruwa ba, tsoron uwarta ne. Mu iyaye, wani lokaci ƙauna ita ce mu zauna inda aka ajiye mu.

To, ni na rubuta, na kuma gane. Sai dai mai jirgin namu ba Ubangiji ba ne, Maikifi ne, injinsa ma yakan mutu a tsakiyar ruwa. Ran Litinin za a rufe karɓar ɗalibai. Takardar shigar Keziya tana wurina, na cusa ta ƙarƙashin gero a rumbu, ita kuwa ta birkita ɗaki tana kuka tana nema.

Don Allah ku gaya mini, in fito mata da ita?