Ranar da Hannun Biri Ya Ƙi Tashi

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso.

Ta zo, muna saurare.

Biri ɗan dambe ne, Gizo makaɗinsa. Saura wata guda damben kaka, Biri ya ɗaure hannu yana ta naushin bishiyar kuka. Duk ranar da aka yi kiɗa, uwar Biri kan ba Gizo tuwo.

Biri ya ce, "Gizo, kafaɗata na zogi, yau zan huta."

Gizo ya ce, "Huta mana, maigida. Kalangu kawai nake gwadawa."

Sai ya saki taken Biri. Ɗan dambe kuwa ba ya zama ana kaɗa takensa. Haka suka yi kwana talatin.

Ranar dambe aka haɗa shi da Zomo. Biri ya yunƙura, hannu ya ƙi tashi. Zomo ya taɓa shi kaɗan, ya zube.

Uwarsa ta dafe ƙirji. "Gizo, me ka yi wa ɗana?"

"Ni, Inna? Kiɗa kawai na yi."

Har yau ba a ƙwace kalangun nan ba, kuma ni mai ba ku labarin nan ban yafe wa Gizo ba.

Ƙurunƙus, kan kusu ya ƙone.