Lakar da ke Jikin Bel

Akwai wani bakanike a Sekanji, bayan garin Kwatano, ana ce masa Nukpo. Garejinsa rumfar kwano ce a jikin katangar filin motocin Patron Gbetoho. Duk motar da aka sauke daga jirgin ruwa da ɗan ciwo, wurinsa ake turo ta. Da aikin filin nan yake ciyar da mata da 'ya'ya uku.

Kowa a Sekanji ya san yadda abin yake. Mai saye zai ɗauki bakanike ya duba masa mota, mai fili kuma ya sosa kunne. Da bakanike ya ga an sosa kunne, sai ya ƙwanƙwasa nan da can, ya ce lafiya lau. Nukpo ma ya sha yin haka, ba zan wanke shi ba.

Wata Talata da hantsi, Tanti Huefa mai abarba ta iso daga Allada. Mijinta na fama da ciwon ƙoda, sau biyu a mako ake kawo shi wanki Kwatano, kuma motar haya ta sha sa su makara. Gonarta guda ta sayar don ta sayi ƙaramar jif.

Ta ce wa Nukpo, "Ɗana, ni abarba na sani, ban san ƙarfe ba. Yau idonka ne idona."

Gbetoho ya tarbe su da fara'a har kunne, ya nuna musu motoci uku. Ɗaya mai caji, ɗaya mai dizal da ta ɗan koɗe, sai wata fara mai fetur tana ɗaukar ido.

Tanti ta dubi mai cajin ta yi dariya. "A unguwarmu wayata ma sai ta yi rantsuwa kafin ta cika. Wannan a ina zan shayar da ita?"

"To ga amarya!" in ji Gbetoho, yana shafa farar. "Wata tsohuwa ce a ƙasar waje take zuwa coci da ita. Fetur kuwa ko a kwalba kin samu a bakin hanya."

Nukpo ya tayar da inji, ya ji sauti sumul. Ya shiga ciki ya zauna, hannunsa ya kai ga bel ɗin kujera, ya yi ta ja har ya ƙure. Can ƙarshe, wurin da mai wanki ba ya kaiwa, ya ga busasshiyar laka ta yi layi.

Nan take ya gane. Motar ambaliya ce, ta kwana cikin ruwa kafin a ɗora ta a jirgi. Irin wannan wayoyinta a hankali suke ruɓewa. Za ta yi wata biyu kamar sabuwa, rana ɗaya ta mutu a tsakiyar titi ba sallama.

Ya ɗaga kai. Gbetoho na kallonsa ta gilashi, yana sosa kunne. Ya sosa, ya ƙara sosawa.

Nukpo ya saki bel, bel ɗin ya koma ciki da sirrinsa. Ya fito yana goge hannu. Ya tuna rumfarsa, ya tuna tukunyar gidansa. Ya buɗe baki ke nan zai ce lafiya lau, sai Tanti ta riga shi.

"Abu ɗaya nake tambaya, ɗana. Ranar Juma'a ƙarfe bakwai, za ta kai min shi asibiti?"

Wallahi da ta tambayi inji ko taya, da ya yi mata ƙarya. Amma wannan tambayar ta fi ƙarfinsa. Ya koma cikin motar, ya ja bel har ƙarshe, ya ce, "Tanti, zo ki shinshina."

Ta shinshina, ta ja da baya. "Warin rafi!"

"Ki ɗauki mai dizal ɗin can. Ba ta da kyau, amma ba ta taɓa yin iyo ba."

Gbetoho ya daka tsawa. "Kai Nukpo! A inuwata kake ci, ka yi min kashi a tukunya? Ka kwashe ƙarafanka yau ɗin nan!"

Tanti ta tafi da mai dizal. Washegari aka rushe rumfar Nukpo, aka liƙa hotonsa a ƙofar fili, an rubuta a ƙasa: kada a bar mutumin nan ya shigo. Ya koma gindin wani mangwaro da akwatin kayan aikinsa. Mako uku ba wanda ya kawo masa ko keke, matarsa ta daina yi masa magana sai da ido.

Abin da Gbetoho ya manta shi ne, masu saye ma suna da ido. Duk wanda ya zo ƙofa sai ya tambayi mai gadi laifin mai hoton, mai gadi kuwa bakinsa ba ya riƙe ruwa. Can Allada kuma Tanti ta baza labari a kasuwar abarba. Mutane suka fara ɗaukar hoton a waya, suna bin gari suna cigiyar bakaniken da mai fili ke tsoro.

Ran nan wani mai kamfani ya zo sayen motoci huɗu, ya tsaya a ƙofa da Nukpo a gefensa, ya ce idan wannan ba zai shiga ba, shi ma ba zai shiga ba. Gbetoho da kansa ya tuƙo motocin ɗaya bayan ɗaya zuwa bakin ƙofa, gumi na zuba. Nukpo ya tsaya daidai ƙarƙashin hotonsa yana jan bel.

Ana cikin haka wata koɗaɗɗiyar jif ta rage gudu ta yi ham. Tanti Huefa ce, mijinta na gefenta yana ɗaga hannu. Ranar Juma'a ce, an gama wankin, sun biyo su gaishe shi.

Darasi: Wanda ya ba ka amanar idonsa, kada ka rufe masa shi don tsoron mai ba ka abinci. Gaskiya takan rushe rumfa, amma ba ta barin mai ita a rana. Ku tura wa duk wanda ke shirin sayen mota, da duk bakaniken da kuka sani.