Itaciyar da Ta Juya wa Jatau Baya

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, a birnin Tsaunin Azurfa, an yi wani sarki mai suna Barmo, wanda ciwon ɓarin kai ya addabe shi shekara bakwai, har ya zama ba ya iya barci, ba ya iya shari'a, sai faɗa. Ya sa aka kirawo magori Jatau, mai maganin gargajiya, ya ce: "Jiƙo uku na ba ka. In na uku bai yi ba, a bakin ranka."

A bayan gari akwai tsohuwar itaciya, Lallaɓa, wadda ake sassaƙarta gabas da yamma: na gabas ya kashe zafi, na yamma ya kwantar da rai. Jatau ya je a gigice, ko sallama babu, ya sara nan, ya zagaya ya sara can.

Sarki ya sha. Ciwo ya ɗauke ƙaf, amma fushi ya ninku, har ya bi Waziri da gudu da takalmi a hannu! Aka kawo na biyu. Sai ga sarki yana murmushi, hawaye na zuba, yana cewa a hankali: "Jama'a, kaina zai tsage. Madalla. A wasa takobi." Fadawa suka rasa ko barka za su yi ko jaje.

Wallahi Jatau ya ba ni tausayi. Gimbiya Yalwa, 'yar sarkin, ta ce ya kai ta wurin itaciyar. Ta duba, ta ce: "Malam, ai saranka bibbiyu ne, kowane biyu gefe guda."

Ta yi sallama. Wata aljana ta leƙo daga kogon itaciyar, ta ce: "Yawwa, ga mai tarbiyya. Shi wannan ya faɗo mini gida ba gaisuwa, shi ya sa in ya zagaya, sai in juya itaciyar ta bi shi."

Jatau ya durƙusa ya ce: "Gafara dai, Inna. Tsoro ne."

Aljanar ta tsayar masa da itaciyar, ya sassaƙa gabas da yamma. Sarki ya sha, ya yi barcin kwana biyu, ya farka ya ga Hauni mai sare kai tsaye da takobi, ya ce: "Wa ya yi laifi?" Kowa ya dubi ƙasa.

Yalwa da bakinta ta ce Jatau take so, aka ɗaura aure. Har ya tsufa, ko itacen girki bai ƙara ɗauka ba sai ya yi masa sallama.