Maganin Auta da Yatsun Yaya

Akwai wani masanin kimiyya da ake kira Dakta a wurin aiki, amma a gida har gobe Auta ake ce masa. Yayarsa ce ta rene shi bayan rasuwar iyayensu. Tela ce, kuma da keken ɗinki ta tura shi makaranta har ya zama abin da ya zama.

Sai ciwo ya kama Yaya. Ba daga waje ya shigo ba. Ƙwayoyin garkuwar jikinta, waɗanda aka halitta don su kare ta, su ne suka juya suna cin gaɓoɓinta. Da safe yatsunta kan sandare, sai ta tsoma su a ruwan ɗumi kafin ta iya zura zare a allura. An gwada magungunan da ke kasuwa, babu wanda ya karɓe ta.

Saboda ita Dakta ya duƙufa a ɗakin bincike shekara da shekaru, shi da abokiyar aikinsa. Matar nan ba ta taɓa cewa "to" kai tsaye, komai aka kawo sai ta ce sai an duba. Har sunan ya bi ta, kowa Sai-an-duba yake kiranta.

Allah ya ba su sa'a. Suka samar da wani sinadari irin wanda ake kira antibodi. Aikinsa shi ne ya gane ƙwayar garkuwa iri ɗaya tak, wato mai ɓarnar, ya manne mata ya kwantar da ita, ya bar sauran su ci gaba da gadi. Ƙwayoyin da ke samar da shi kuwa suna ajiye cikin wani tanki mai tsananin sanyi a kusurwar ɗakin. Saura a gwada shi a jikin mutane, aikin da ya fi ƙarfin ɗakinsu.

Dakta ya yi wa maganin rajistar mallaka, yadda babu mai ikon yin sa sai da izini har shekara ashirin. Da kansa ya zauna da lauya. Ya haɗa maganin, da duk wani mai kama da shi, da duk hanyar da za a bi a yi shi, ya zuba a ciki.

"Ko ɓera bai da ramin shiga," ya ce, yana buga tebur.

Tun daga nan kansa ya fara fasuwa. Wanda a da yake wanke kwalabe da hannunsa, yanzu sai an ƙwanƙwasa masa ƙofa.

Kamfanoni biyu suka zo. Na farko ƙarami ne, ofishinsa ɗaki uku a saman wani kanti. Izini kawai suke nema, mallaka ta zauna hannun Dakta, kuma za su yi gwajin a asibitin da Yaya ke ganin likita. Na biyu ƙato ne, mai bene na gilashi. Su saye za su yi gaba ɗaya, kuma za su sa wa babban zauren taronsu sunansa.

Sai-an-duba ta same shi a ofis.

"Dakta, waɗannan manyan suna da nasu maganin na wannan ciwo, kuma yana tafiya a kasuwa. Me za su yi da namu?"

"Za su kai shi duniya."

"To a saka sharaɗi ɗaya. In suka ƙi yin gwaji, maganin ya dawo hannunmu."

Dakta ya yi dariya. "In tsaya gaban manyan mutane ina ciniki kamar mai sayar da gwanjo? Ke dai ba ki son ganin mutum ya yi gaba."

"Yaya nake tunawa," ta ce a hankali.

"Yayata ce ko taki?"

Ɗakin binciken nasa ne, sa hannunsa ne ke aiki. Ya sa hannu ya sayar wa ƙaton kamfanin, aka tafa, aka ɗauki hoto. Gaskiya ban ga laifin Sai-an-duba ba da ta kwashe kayanta ta bar aikin. Mutum ba ya zama inda gaskiyarsa ta zama hassada.

Ma'aikatan kamfanin suka zo da mota suka ɗauke tankin, har da ƙwayoyin da ya ajiye na ko-ta-kwana, domin haka yarjejeniyar ta ce. Abin da ya rage a kusurwar sai zagayen tabo a ƙasa.

Daga nan shiru. Ya buga waya, aka ce ana nazari. Ya sake bugawa, aka ce mai kula da sashen ya yi tafiya. Yaya kuwa ta daina karɓar ɗinki. Maɓallin rigarta ma sai an ɓalle mata. Duk ranar da ya je gaishe ta, tambayarta ɗaya ce.

"Auta, an fara?"

"An kusa, Yaya."

Da abin ya ishe shi ya tafi da ƙafarsa. Ya wuce zauren da ke ɗauke da sunansa da manyan haruffa, aka kai shi wurin wani manaja mai fara'a.

"Dakta, aikinka ya burge mu ƙwarai. Sai dai a yanzu an jingine shi, ba ya cikin tsarinmu."

"To ku mayar mini."

"Ai saya muka yi, ba aro ba."

"Akwai mai jiran maganin nan. Yayata ce."

"Allah ya ba ta lafiya," in ji manajan, kuma da alama har zuciyarsa ya faɗa.

Dakta ya miƙe. "Ni na yi shi. Zan koma in yi wani mai kama da shi."

Manajan ya gyara zama. "Je ka yi bincikenka a ɗakinka, babu mai hana ka. Amma wa zai zuba dukiyarsa a gwajin maganin da ba zai iya sayarwa ba? Kai ka tsara rajistar, kuma ka tsara ta da kyau. Lauyoyinmu sun nemi kafa ɗaya sun rasa."

Haka ya fito. Ya zaga kamfanoni, har da ƙaramin nan da ya raina. Kowa ya karanta rajistar sai ya girgiza kai. Katangar da ya gina don ɓarayi, shi ta bari a waje.

Ya sami Yaya zaune a bakin gado, hannayenta a cinya, yatsun sun karkace gefe guda. Wannan karon bai iya cewa an kusa ba. Ya durƙusa ya faɗa mata komai, bai rage ba.

Ta dube shi ta ce:

"Yanzu maganin naka ne ko ba naka ba?"

"Sunana ne a kai, Yaya."

"Sai yaushe za a sake shi?"

"In wa'adin rajistar ya cika. Shekara ashirin ne."

Yaya ta yi wata 'yar dariya wadda gara a ce kuka ta yi.

"Auta, ka dube ni da kyau. Ka ga shekara ashirin a jikin nan?"

Ya sunkuyar da kai.

"Tashi," ta ce. "Ƙishi nake ji. Zo ka riƙe mini kofin."

Darasi: Girman kai rawanin tsiya ne. Duk abin da ka yi domin wani, kada tafi da yabo su mantar da kai fuskarsa ranar yanke shawara. Kuma wanda ya ce maka "dakata a duba" ba lallai maƙiyinka ba ne, wataƙila shi kaɗai ke tuna abin da ka manta. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, musamman wanda ɗaukaka ta fara ƙwanƙwasa masa ƙofa.