Fitilun Gwadabe Da Suka Haska Tsuntsaye

A shekarar 1979, wadda soja suka miƙa mulki ga farar hula, akwai wani direba a birnin Katsina mai suna Gwadabe. Mutum ne mai fara'a da sakin hannu. Aibinsa ɗaya ne, ba ya iya jira. Ko shayi aka zuba masa sai ya ƙona harshe.

Yana da wata tsohuwar Landiroba, da ita yake jigilar mutane da buhuna zuwa ƙauyukan da kwalta ba ta kai ba. Fitilunta na gaba sun gaji, haskensu bai fi na acibalbal ba. Da aka sa ranar bikin Saudatu, ɗiyar yayarsa Fatu, sai ya bugi ƙirji a gaban dangi ya ce shi zai kai amarya da kayanta ƙauyen ango, kuma a ranar za ta kwana ɗakinta. Hanyar kuwa akwai rafi, ga shi damina ba ta gama janyewa ba.

Saura kwana uku, ya samo fitilun babbar mota guda huɗu, ya kai wa Malam Babaji mai walda a bayan Babbar Kasuwa. Suka yanki bututun ƙarfe mai tsawon ƙafa huɗu, suka yi masa ƙafafu biyu da za su kama gefen rufin motar, suka shafa baƙin fenti. Suka ja waya daga batir, ta bi ta fis, ta kai ga makunni kusa da sitiyari. Aiki ya yi kyau ƙwarai. Saura ɗora fitilu.

Malam Babaji ya ce, "Bari in sa wa kowace noti, yadda za a iya sunkuyar da ita. Ka loda wa motar buhunan yashi, mu jira duhun magariba, sannan mu saita."

Gwadabe ya yi dariya. "Haba Malam, hitila ce fa, ba amarya ba, da sai an jira mata magariba! Mu shiga rumfa mu ja ƙyaure, ai ga duhu."

Suka shiga rumfa da motar babu kowa babu komai a ciki. Haske ya faɗa daidai gindin bango.

"Liƙe su da walda haka nan," in ji Gwadabe. "Ina so 'yan tasha su gani kafin la'asar."

"In na liƙe, sun liƙu ke nan."

"Shi nike so."

Malam Babaji ya girgiza kai, ya liƙe.

Ranar kai amarya, mata ba su gama shiri ba sai da rana ta yi ja. Aka loda gadon ƙarfe, katifa, kwalla, tasoshi da buhun gero. Amarya da Yaya Fatu suka zauna gaba. Mata shida suka cushe a baya, cikinsu har da Hajiya Khadijat, goggon amarya, wadda Allah ya hore wa jiki. Bayan motar ya zauna daram, hancinta ya ɗaga sama. Gwadabe bai ko lura ba.

Suka yi sallar magariba a hanya. Lokacin da suka iso bakin rafi, duhu ya rufe. Mashigin siriri ne, dama da hagu kwazazzabo, taya ɗaya ta kauce sai mota ta kife da amarya. Daga tsallake ana jin kiɗan dangin ango.

Gwadabe ya gyara hula. "Yau za ku ga rana cikin duhu!" Ya danna makunni.

Haske ya tashi fau, ya tsallake rafin, ya dira can ƙololuwar wata bishiyar gawo. Balbelu da suka kwanta suka watse suna kuka. Hanya kuwa baƙi ƙirin.

Ya hau rufin da sauri, ya danna fitilun da iyakar ƙarfinsa. Ko motsi.

Yaya Fatu ta leƙo. "Gwadabe, ɗiyata ka zo kaiwa ko tsuntsaye ka zo gaidawa?"

"Yaya, wallahi a rumfa daidai suke."

"To a rumfar wa ke ciki?"

Ya ce babu kowa. Ita ce ta gane nauyi ne ya ɗaga hancin motar, ta ce kowa ya sauko. Mata suka fara sauka ɗaya ɗaya, haske yana gangarowa reshe reshe. Da Hajiya Khadijat ta sa ƙafa ƙasa, motar ta yi ajiyar zuciya, haske ya faɗo har gangar bishiyar.

"La ila! Ashe Hajiya ce ke riƙe da hitilar!" in ji wata.

"Ku ci gidanku," in ji Hajiya, tana dariya har da hawaye. "Albarkar tuwo ce."

Aka sauke gado da gero, haske ya kwanta shar a kan ruwa, har tsakuwa ana gani. Wasu makiyaya da suka hango hasken daga ruga suka zo suka ɗauki gadon. Mata suka ɗaure zannuwa, suka aza kwalla a ka, suka shiga ruwa iya gwiwa suna rangaɗa guɗa. Mota tana biye a hankali, ita kuwa Saudatu tana ta kyarma da dariya cikin mayafi. Dangin ango suka taro su da kalangu har bakin ruwa. A ranar amarya ta kwana ɗakinta.

Da Gwadabe ya je yi wa uban ango sallama, dattijon ya riƙe hannunsa ya ce, "Mun gode, Mai Hasken Tsuntsu." Mata suka cafe. Sunan ya bi shi tasha, ya bi shi masallaci, kuma da shi aka yi sanarwar rasuwarsa bayan shekara talatin. Yawancin masu guɗar nan ma ƙasa ta rufe su. Allah ya jiƙansu baki ɗaya.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, duk abin da mutum ya ƙera, ya gwada shi da nauyin da zai ɗauka, a lokacin da za a bukace shi, kafin ya ce an gama. Kada gaggawa ta sa ya liƙe abin da gobe zai so gyarawa. Gwadabe ya tsira da dariya domin yana tare da masu haƙuri. Ba kowane mai gaggawa ne yake samun irinsu a bakin rafi ba.