Kurege, Ɗan Aiken Masu Gaba

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, in ta yi daɗi mu ƙara wa wutar itace.

To ku matso. Amma duk wanda ya taka mini dankalin da na binne a toka, tatsuniya ta ƙare.

Wasu masu lambu ne su biyu a wata fadama, Barnaba da Tabita. Barnaba ɗan kawun Tabita ne, gida ɗaya suka tashi, kakansu ya bar musu fadamar aka raba ta biyu. Shi yana noman tumatir da tattasai da attaruhu. Ita tana noman albasa da karas da alayyafo. Tsakaninsu ba katanga ba shinge, ɗan tudun ƙasa ne wanda ko kaza sai ta tsallake. A cikin tudun nan Kurege ya haƙa raminsa, ya yi masa ƙofa biyu, ɗaya ta kalli tumatir, ɗaya ta kalli karas.

Wata shekara sai Barnaba da Tabita suka yi faɗa a kan wa zai fara ban ruwa. Ya faɗa mata, ta faɗa masa, aka rabu baram-baram. Daga nan ba gaisuwa. Ko a coci suka haɗu, shi ya kalli rufi, ita ta kalli ƙasa. Ita ta rantse ba za ta ƙara sa tumatir a miya ba, shi ya hana matarsa sayen albasa. Ku dubi wautar manya, don Allah.

Kowa a garin ya ji ba daɗi, ban da Kurege. In ya saci karas sai ya ce da Tabita ya ga sawun Barnaba. In ya saci tumatir sai ya ce da Barnaba ya ga gefen zanen Tabita. Tunda ba sa magana, wa zai tambayi wani? Ya yi ƙiba, gashinsa ya yi sheƙi, wutsiyarsa ta yi buzu-buzu.

Amma babbar garar tasa sai ranar Kirsimeti. Kun san yadda ake yi: in an taso daga sujada, kowane gida ya zuba shinkafa da miya a langa ya aika wa maƙwabta, kuma ba a mayar da langa wayam, ko cincin ne sai an zuba. To duk ranar Kirsimeti sai zuciyar Tabita ta yi sanyi. Ta cika langa, ta ɗora nama, ta kira Kurege.

“Kurege, kai wa Yaya Barnaba. Kada ka ce komai, ajiye masa kawai.”

Kurege ya ce, “Ni dai ɗan aike ne.”

Sai ya kewaya bayan wata gwaiba, ya ci, ya suɗe, ya lashe murfi. Ya dawo da langa wayam, yana sunkuyar da kai.

Tabita ta ce, “Me ya ce?”

“Ni dai ɗan aike ne, kada ki sa ni in faɗa.”

“Faɗi!”

“Ya ce karensa ya gode.”

Tabita ta shiga ɗaki ta yi kuka. Can kuma sai Barnaba ya kira shi ta ɗaya ƙofar, shi ma zuciyarsa ta yi sanyi, ya sa matarsa ta cika langa.

“Kai wa Tabita. Kada ka ce komai.”

“Ni dai ɗan aike ne.”

Bayan gwaiba. Ya ci, ya suɗe, ya lashe murfi.

“Me ta ce?”

“Ta ce kajinta sun shinshina sun wuce.”

Haka aka yi ta yi shekara da shekaru. Kowannensu yana cewa a ransa, ni ina aikawa, ni ba a taɓa aiko mini ba. Kurege kuwa abu ɗaya yake roƙo safe da yamma, kada bakin waɗannan biyun ya haɗu, don ya san ran da suka yi hira, ran nan tasa ta ƙare.

Ana nan, ana nan, sai aka yi wata shekara rafi ya janye da wuri. Ruwa ya rage a gurbi ɗaya tak, dab da tudun iyaka. Ga Kirsimeti ya matso, shuka tana son ruwa. Dole suka riƙa haɗuwa a gurbin, shi da garwarsa, ita da bokitinta, kowa ya juya wa wani ƙeya.

Tabita dai macen surutu ce, shiru yana ba ta ciwon kai. Ran nan tana ban ruwa sai ta dubi albasarta ta ce da ƙarfi, “Albasa, ki yi sauri ki ƙosa. Kirsimeti ya zo, ban shafe ɗaki ba, ban yi kitso ba, tela kuma ya riƙe mini zane yana ta gobe-gobe.”

Barnaba ya yi kamar bai ji ba. Can sai ya yi gyaran murya ya dubi tumatirinsa ya ce, “Tumatir, ai duk wanda ya kai ɗinki wurin telan bakin kasuwa, sai dai ya sa kayansa ranar Ista.”

Kurege yana cikin rami ya miƙe kunnuwa.

Tabita ta ce, “Albasa, an ce maza sun haɗa watanda za su yanka sa. Allah Ya sa ba irin na bara ba, wanda aka dafa tun safe har yamma yana nan kamar takalmi.”

Barnaba ya ce, “Tumatir, na bana ɗan maraƙi ne, ni na zaɓo shi da kaina. Ko marasa haƙori za su ci.”

“Albasa, wa yake kira marar haƙori?”

“Tumatir, ni ban ambaci suna ba.”

“Albasa, matan zumunta muna koyon sabuwar waƙa. Da a ce wasu za su rage murya a bayanmu, da an ji daɗinta.”

“Tumatir, da a ce wasu za su daina fara baiti kafin mai ganga, da ba a ɗaga murya ba.”

Sai Tabita ta kusa yin dariya, ta danne ta da tari. Kurege ya ce a ransa, yau na shiga uku. In aka bar su, daga waƙa za su koma shinkafa, daga shinkafa su koma langa. Sai ya yi wuf ya fito ya ƙwala ihu don ya tarwatsa su.

“Maciji! Maciji a cikin albasa!”

Shi a tunaninsa kowa zai ruga gida. Ina! Barnaba ya yar da garwa, ya suri fartanya, ya tsallake tudu, ya ture Tabita bayansa yana cewa, “Matsa, Tabita, matsa! Ina yake?” Ya bubbuga nan, ya bubbuga can, ba maciji ba dalilinsa. Da ya ɗago sai ya ga kansa tsaye tsakiyar lambunta, ita kuma tana riƙe da gefen rigarsa. Kurege ya koma rami da gudu, ya lafe, ya kasa kunne.

Sannan Tabita ta saki rigar, ta ce a hankali, yadda Kurege ba zai ji ba, “Yaya, ashe za ka tare mini maciji, amma abincina ka ba kare?”

“Wane kare? Yaushe rabona da kare?”

“Langar da nake aiko maka duk Kirsimeti.”

“Wace langa? Ni ne dai nake aiko miki, kajinki suna shinshinawa.”

“Ni da ko kaza ɗaya ba ni da ita tun da ciwo ya kwashe su?”

Suka dubi juna. Suka dubi ramin. Suka sake duban juna. Sai hawaye ya zo wa Tabita, ta ce, “Shekarar da Inna ta rasu ma na aiko maka. Da kuka na dafa, na ce ko don ita za ka karɓa.” Barnaba shi ma a shekarar har bakin ƙofarta ya je ya juyo. Ni kaina in na zo nan wurin sai in ji haushin dukansu, har da Kuregen.

Barnaba ya ɗaga fartanya zai nufi ramin. Tabita ta riƙe shi ta raɗa masa, “Ƙofa biyu gare shi, Yaya. Bari cikinsa ya kawo mana shi.” Suka ƙulla abin da suka ƙulla. Sai kawai ta ɗaga murya.

“Fita mini daga lambu! Ka tattake mini albasa da ƙafafunka kamar faranti!”

Barnaba ya ce, “Da na sani da na bar macijin ya yi Kirsimeti da ke!”

Kurege yana ciki ya yi ajiyar zuciya, ya shafa tumbi, ya ce, “Yauwa. Haka nake son ji.”

Ranar Kirsimeti ta zo. Aka yi sujada, aka yi waƙa, aka taso. Gari ya ɗauki ƙamshin suya. Tabita ta fito da wata langa mai zurfi wadda ba ta taɓa aikawa da ita ba. Miyar ta yi ja wur da tumatir, ga albasa tana yawo a kai. Da Kurege yana da hankali, da ya tambayi kansa inda ta samo tumatir. Amma hancinsa ya riga kansa aiki.

“Kai wa Yaya Barnaba.”

“Ni dai ɗan aike ne.”

Ya ja langa da ƙyar zuwa bayan gwaiba. Ya buɗe. Ya ci na sama, hannu bai kai na ƙasa ba. Ya zura kai, bai kai ba. Sai ya shige gaba ɗaya, wutsiya kawai ta rage a waje tana rawa. Caraf, Tabita ta kama wutsiyar. Ya zaburo zai fito, caraf, Barnaba ya kama shi a wuya.

Barnaba ya ce, “Barka da Kirsimeti, ɗan aike. Karena yana gaishe ka.”

Tabita ta ce, “Kajina ma.”

Kurege ya ga ba wasa, ga tukunya can a kan murhu ruwa yana tafasa. Sai ya jawo tsohuwar sana'arsa. Ya ce, “Tabita, ke kika kama ni fa, amma ki ga, gobe zai ce a gari shi ne.”

Tabita ta ce, “Ya faɗa. Yayana ne.”

Ya ce, “Barnaba, ka san abin da take cewa a kan muryarka?”

Barnaba ya ce, “Na sani. Gaskiya ta faɗa.”

Kurege ya ce a ransa, wannan hanya ta toshe. Ya lura kuma tun ɗazu sai wani lallaɓa juna suke yi, wannan ya ce sannu, wannan ta ce yi a hankali, kamar baƙin da suka haɗu a gidan suruki. Sai ya langwaɓar da kai, ya matso hawaye.

“Na yarda na yi laifi, ku dafa ni. Roƙona ɗaya. Ni ƙaramin nama ne, ba na isa gida biyu. Ku sa ni a tukunyar wanda na fi cuta a cikinku, ko na samu sauƙi a lahira.”

Barnaba ya ce, “Wannan gaskiya ne. Tabita, ke aka fi cuta. Ke kika yi ta kuka. Ungo.” Ya tura mata shi.

Tabita ta ce, “Haba Yaya, kai ne babba, kai aka zubar wa girma. Riƙe.” Ta turo masa.

“A'a, ke dai.”

“A'a, kai dai.”

“Na rantse ba zan ci ba.”

“Ni ma na rantse.”

“To na sakar miki.”

“To na sakar maka.”

Suka saki tare. Kurege ya dira ƙasa, fyuu, ya bi ta tsakanin ƙafafun Barnaba, ya keta alayyafo, ya haye tudun ƙetaren rafi, miya tana ɗiga daga gashin bakinsa. Su kuwa suka tsaya hannu a buɗe, kowa yana kallon tafin ɗan'uwansa. Sai Tabita ta fashe da dariya har ta zauna a ƙasa, Barnaba ya yi ta dariya har ya riƙe gwaiba.

Kurege ya tsaya can a kan ƙafafunsa na baya yana haki, yana jira su fara zargin juna a kan wa ya fara saki. Ya jira, ya jira. Sai ya ga matar Barnaba ta fito da tabarma da wata langar, sun zauna su uku sun sa hannu a kwano ɗaya. Iska tana kawo masa hirarsu: wa zai fara ban ruwa gobe, shi yana cewa ita, ita tana cewa shi. Har rana ta yi sanyi ba su daina surutu ba, kuma ba wanda ya waiwaya neman ɗan aike.

Da yunwa ta ishe shi sai ya kaɗa wutsiya ya kama hanyar gari na gaba. Mutumin farko da ya tarar a bakin wani lambu, ya yi masa sallama da ladabi, ya ce, “Baba, barka da Kirsimeti. Don Allah, nan garin akwai waɗanda ba sa ga maciji da juna?”

Kurunkus kan Kurege, da an riƙe shi da kyau da da romonsa za mu rufe. Abin da za ku koya kuwa shi ne, in kun kama ɓarawo ranar biki, ku fara ɗaure shi tukuna, sannan ku yi wa juna kara. Yanzu wani ya tono mini dankalina, kuma da idona zan bi shi har ya iso hannuna.